Kwantaccen Cikin Goggo Safara'u

Kifin gefe ne ya fara ƙonewa. Na lura da shi wata ranar da na kai wa Goggo Safara'u saƙon babana a wajen bandarta, bayan kasuwar kifi ta Haɗeja. Tarwaɗar da ke tsakiyar raga ta yi ja tana sheƙi, kamar yadda aka san kifinta. Ta bakin dama da ta bakin hagu kuwa ta yi baƙi, wata har ta tsage. Masu saye ba su taɓa gani ba, don mijinta Baba Tasi'u yana tsince ƙonannun ya zuba a wani kwando kafin a jera sauran a kwali. Cewa yake yi itacen bana ne ba shi da kyau.

Ni ba mai yawan magana ba ce. In na shiga wuri gefe nake samu in tsaya, kuma na saba a daɗe ba a san na zo ba. Goggo kaɗai ce ba na iya ɓuya mata. Tun ina ƙarama ko ta bayanta na raɓo sai ta kira sunana. Ran nan kuwa na tsaya dab da kafaɗarta ta hagu har hayaƙi ya sa ni hawaye, ba ta ce komai ba. Sai da na yi sallama ta zabura, ta juyo da kanta gaba ɗaya.

"Bushira, yaushe kika koma aljana?"

"Tun ɗazu nake nan, Goggo."

"To ki riƙa yin tari in kin zo."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida na kasa cin abinci.

Goggo Safara'u ƙanwar babana ce. A wani ƙauyen masunta aka haife su, can cikin fadama, inda in damina ta yi nisa sai da kwale-kwale ake shiga. Wajen mahaifiyarsu ta koyi banda: yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke jelarta, yadda ake danne wuta da buntun shinkafa don ta yi hayaƙi ba harshe ba, yadda ake sanin kifi ya yi daga launinsa. Aikin ido ne daga farko har ƙarshe. Da ciyawar kachalla ta cinye mashigin ruwan ƙauyen, kifi ya ja baya, ita da Baba Tasi'u suka dawo cikin gari. Shi yana tarbo masunta a bakin gada, ita tana banda. Fataken kudu sukan tambayi kifin Safara'u da suna.

Sau ɗaya ta taɓa haihuwa, 'ya mace, ba ta kai yaye ba ta koma. Daga nan shiru, shekara goma sha wani abu. Ba ta kuka a gaban mutane. Mu 'ya'yan yayanta ta riƙe, ita ke yi mana kitso, ita ke ɓoye mana kan kifi.

A shekarar babbar ambaliya al'adarta ta ɗauke. Wata biyu, wata uku. Sai kuma nono ya kawo ruwa, har yana jiƙa mata riga. Ta je wajen Ya Mairam, tsohuwar unguwar zoman da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu, ni ma a hannunta na faɗo. Ya Mairam ta duba ta, ta ce ciki ne. Baba Tasi'u ya yi sadaka da kifi kwando guda. Goggo ta sayi yadi mai laushi ta ajiye a ƙasan akwati.

Wata tara suka wuce, ciki bai taso ba. Ya Mairam ta sake dubawa, ta ce firgicin ruwan da ya ci katangar gidansu ne ya sa cikin ya kwanta. A wajenmu wannan ba baƙon zance ba ne. Tsofaffi suna cewa ɗa yakan yi barci a ciki, ya ƙanƙance ya koma ta baya, ya shekara biyu ko biyar, sai ranar da Allah ya tashe shi. Kowa a unguwa yana da labarin wata da hakan ta faru da ita. Kuma ga shaida a jikin Goggo: jini bai dawo ba, nono bai ƙafe ba. Ciwon kan da take yi ma aka ce na masu ciki ne. Ta daina ɗaukar itace mai nauyi, ta daina shan magani mai ɗaci. In za ta zauna sai ta dafa mararta.

Shekara uku ke nan ana haka lokacin da na ga ƙonannen kifin. Na gama jami'a a Dutse, inda na karanci ilimin halittu, ina gida ina jiran tafiya bautar ƙasa. Na gaya wa babana abin da na gani. Ya ce shi ma ya lura ta kusa shiga gaban babur a bakin kasuwa, ya ɗauka tunani ne ya yi mata yawa. Washegari muka kai ta wajen likitan ido.

Likitan ya ce ta kalli hancinsa kada ta motsa. Ya miƙa hannu can gefe, ya riƙa kawo yatsa sannu a hankali. Ina zaune ina kallon yatsan yana tahowa, yana wuce kunnenta, yana wuce kuncinta, ita tana jira. Sai da ya kusa zuwa gaban fuskarta ta ce, "Ga shi nan." Haka dama, haka hagu. Ya ce idanun kansu lafiyarsu ƙalau, abin yana bayansu. Ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Goggo ta rufe baki da mayafi ta kalle ni, wai ina ruwan mai duba ido da wannan. Da na ba shi amsa ya ajiye alƙalaminsa, ya ce mu tafi Kano, kada mu bari sati ya zagayo.

A babban asibiti aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da rami, mai ƙara kamar injin casar shinkafa. Ta gilashi nake hango ƙafafunta. Hannunta biyu na kan mararta har aka gama.

Likita Abdulwahid, mai tiyatar kai, shi ya nuna mana hoton. Ya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ita ke ba jikin mace umarnin al'ada da na ruwan nono. Ƙari ya fito a wurin, ya kai girman goro, ya danne ta, sai umarnin ya rikice. Jijiyoyin ido kuma a kansa suka gitta, yana tura su sama. Shi ya sa gani ke tafiya daga gefe. In aka bar shi zai ci har tsakiya.

"To ɗan fa?" in ji Goggo.

"Hajiya, mun gwada jini, mun yi hoton ciki. Babu ciki."

"Ai barci yake yi. Ta baya ya koma, ina za ku gan shi?"

Likita bai yi mata musu ba. Ya ce yawancin irin wannan ƙari ƙwaya ce ke narkar da shi, ba sai an yi aiki ba. Amma ya daɗe yana kallon sakamakon jinin. Ya ce da girman abin, ya yi zaton adadin sinadarin da ke kawo ruwan nono zai fi haka nesa ba kusa ba. Ya rubuta maganin, ya ce a gwada.

Ba a daɗe da fara shan ƙwayar ba nono ya ƙafe. Goggo ta zo gidanmu da rana tsaka, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin babana, ta ce, "Yaya, sun shanye masa abincinsa." Babana ya lallashe ta, Baba Tasi'u ya roƙe ta, ta ci gaba da sha tana kuka. Bayan 'yan watanni muka koma aka sake hoto. Ƙarin bai ragu ba. Ya ma ƙaru kaɗan.

"Ba irin wanda muka saba gani ba ne," in ji Likita Abdulwahid. "Hoto ba zai gaya mana ko mene ne ba. Sai an ciro shi an duba."

Goggo ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce ba mai sa mata wuƙa da ciki a jikinta. Ta haƙura da nonon, amma wannan a'a. Haka muka koma Haɗeja ba a yi aikin ba.

Na koma zuwa wajen banda kullum, da sunan taya ta. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Duniyarta tana ta matsewa ina kallo. Ta daina jera kifi a bakin raga, tana tara shi a tsakiya, har rabin bandar ya zama fili. In mutum biyu suna yi mata magana sai ta riƙa juya kai kamar mai jin kira daga nesa. Ta fara takawa da hannu ɗaya a miƙe.

Wata safiya iska ta taso daga wajen kogi, wuta ta yi harshe ta bakin hagu, ta kama jelar mayafinta. Ina can ina wanke karfasa, na ɗago na ga wutar tana hawa hannunta, ita kuwa tana duban kifinta na tsakiya hankali kwance. Bara'atu, mai banda kusa da ita, ita ta ɗauki bahon ruwan kifi ta sheƙa mata. Goggo ta faɗi zaune cikin ƙaya da sulɓi. Damtsenta ya saɓule.

Ba ta yi ihu ba. Ta riƙe hannuna, ta ce, "Bushira, na ji zafin. Wallahi ban ga wutar ba."

Da yamma Ya Mairam ta zo dubiya, tana dogara sanda. Ta shafa wa ƙunar zuma, ta zauna, ta juyo wajena.

"Ke 'yar boko, zo nan. Aikin nan da ake faɗa, ta ina za su shiga?"

"Ta hanci, Ya Mairam."

"Ta hanci. Ba za su tsaga ciki ba?"

"A'a. Ko kusa da shi ba za su je ba."

"Shi ne kuka zauna wata da watanni ba wanda ya faɗa mini?" Ta buga sandarta a ƙasa, ta dubi Goggo. "Ke Safara'u, me ya haɗa hanci da mara? Su yi aikinsu can sama. In yaron nan ya farka kina makauniya, wa zai duba miki shi? Ni? Ni da ko zaren allura sai an sa mini?"

Goggo ta dubi Ya Mairam. Ta ce za ta je, amma sai likitan ya yi mata alkawari da bakinsa. Haka kuwa aka yi. A gabanmu ta sa Likita Abdulwahid ya ce ba zai taɓa komai daga wuyanta zuwa ƙasa ba. Ya ce, "Na yi alkawari, Hajiya. Amma kin san abin da na gaya miki game da cikin, ban canza ba." Ta ce, "Wannan tsakanina da Allah ne."

An shiga da ita da hantsi, aka ce kafin azahar an fito. La'asar ta yi muna kan benci. Sau biyu ma'aikaciya ta fito da sauri ta koma da jakar jini, ba ta kalle mu ba. Baba Tasi'u yana zaune yatsunsa na motsi a kan gwiwa kamar yana ɗinkin komar kamun kifi. Da likita ya fito rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce tana raye. Ya ce abin ya zubar da jini fiye da yadda irinsa ke yi, kuma ya manne. Ya cire mafi yawa, jijiyoyin ido sun sami sarari, amma ya bar wani guntu da ke liƙe da babbar jijiyar jini, don taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Abin da aka ciro an kai ɗakin gwaji.

Aka ce sakamako sati biyu. Aka sallame mu bai fito ba. Na dawo Kano ni kaɗai na bi sawu, aka nuna mini wani ƙaramin ofis a ƙarshen baranda. Mai shi wata mata ce 'yar Filato, Likita Dibora, wadda aikinta shi ne duba naman da aka ciro daga jikin mutane ta faɗi ko mene ne. Da ta ji abin da na karanta, ta matsa ta ba ni kujerarta, ta ce in sa ido a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa.

Ta fara sa mini gilashi mai ɗauke da naman wani mara lafiya. Ƙwayoyin halittar kewayayyu ne, a cure wuri ɗaya kamar ƙwan kifi. Ta ce wannan shi ne na kullum, tana ganinsa duk wata. Sannan ta sa na Goggo. Waɗannan dogaye ne sirara, sun jeru suna bin juna suna karkata, kamar 'yan kifi a ruwa mara zurfi. Cikin kowace ɗaya cike yake da wani tsaki-tsaki ja mai laushi, har ta kumbura.

"Kin ga wannan tsakin? Ba kasafai ƙwaya ke canzawa haka ba," in ji ta. "Duk shekaruna a aikin nan, sau ɗaya na taɓa ganin mai kama da shi a wannan wurin."

"Mene ne, Likita?"

"Abin da ban so in yi gaggawar faɗa ke nan. Abu uku ko huɗu ne ke iya yin wannan kama. Wani daga 'yar tsokar nan ita kanta yake fitowa. Wani daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Wani kuma ba nan ne gidansa ba, daga wani wuri a jiki yake tasowa ya zo ya sauka."

Na san abin da na ƙarshen yake nufi. Ta ce akwai rini na musamman da ake ɗiga wa naman, kowane iri da launin da yake kamawa, amma ba duka suke da su ba. Za ta aika Legas. Ta ce gara mu jira da ta ba mu sunan da ba nasa ba, a yi wa Goggo maganin wata cutar.

A gida na faɗi rabi na riƙe rabi. Goggo tana kwance da auduga a hanci, ta ce, "Rini? Naman kaina ne za su kai marina? To ki ce musu shuɗi nake so." Kowa ya yi dariya. Da mutane suka fita ta kamo bakin hijabina.

"Akwai wanda ba ki faɗa ba."

"Goggo, ba su sani ba tukuna."

"Shi ne wanda ba ki faɗa ba."

Jiran ya fi tiyatar wuya. Kowace safiya Baba Tasi'u yakan zaunar da ita a tsakar gida, ya ce ta kalli hancinsa, ya riƙa kawo ludayi daga gefe yadda ya ga likitan ido ya yi. Ta dama tana ganinsa da wuri, kullum yana ƙara nisa kaɗan. Ta hagu sai ya kusa taɓa mata kunci. In ta ce kanta na sarawa, gidan duka sai ya yi tsit. In ta yi tari sai in tuna da abin da ke tasowa daga wani wuri. Wayata ko a banɗaki tana hannuna.

Ruwa ya fara janyewa daga fadama, an fara yankan shinkafa, kifi ya yawaita. Goggo ta ce zama ya ishe ta, ta koma banda da tabon ƙuna a damtse. A can kiran ya same mu, gab da azahar. Na sa wayar a fili don ta ji da kunnenta.

Likita Dibora ta gaishe ta, ta ce, "Mama, rinin ya kama. Ba daga wani wuri ya zo ba, kuma ba irin mai yawo a jiki ba ne. A nan bayan tsokar ya tsiro." Ta faɗi sunansa na Turanci, mai tsawo, ta ce ƙalilan ne a duniya aka taɓa samu da shi. Baba Tasi'u ya ce alhamdu lillahi ya dafa bango. Amma ba ta gama ba. Ta ce irinsa yakan sake girma, musamman in an bar guntu. Saboda ƙarancinsa ba wanda zai iya ce mana yaushe, ko ma zai yi. Za a riƙa yin hoto lokaci-lokaci, ƙila har iyakar rayuwa. In gani ya fara raguwa daga gefe, ko da kaɗan ne, kada mu kwana a Haɗeja.

"Na hagun fa, 'yata? Zai dawo?"

"Ban sani ba, Mama. Ya daɗe a danne."

Goggo ta yi godiya, ta ce a gaida yara. Baba Tasi'u ya tafi masallaci da sauri, yana son ya gaya wa babana.

Matan banda suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Na ɗauko buta biyu, na miƙa wa Goggo ɗaya. Ba ta karɓa ba. Shekara kusan huɗu ban taɓa ganin lokacin salla ya yi tana zaune ba.

"Safara'u, ba ki tashi?" in ji Bara'atu.

"Fashi nake yi."

Bara'atu ta gane. Ta ɗauki butarta ta zagaya baya. Na tsaya da tawa a hannu. Goggo tana kallon gabanta, hannunta a kan cinya, ba a kan mara ba.

"Tun shekaranjiya," in ji ta, a hankali. "Kada ki gaya wa maigida. Ni zan faɗa masa. Yau dai a bar shi da murnarsa."

Na ce to. Na koma ta damanta na tsaya, ta ce, "Na gan ki, ba sai kin yi tari ba. Je ki yi sallarki."

Da na idar na tarar ta tashi. Ta watsa buntu a kan wuta, ta jera tarwaɗa har bakin raga, dama da hagu. Sannan ta naɗe jelar mayafinta ta soke a ƙugu, ta taka ta zagaya bandar zuwa ɓangaren hagu, ta tsaya daidai gabansa, ta fara juya kifin ɗaya bayan ɗaya.